Darussan da na koya daga bakteriyar da ta daina cin guba

To jama'a, ni dai na gama. An sa hannu a tesis, na miƙa makullin lab, kuma in ba karɓar takardar shaida ba, ba na jin ƙafata za ta sake taka benen nan. Ƙannenmu da suka shigo mastas bana sun dame ni wai in rubuta abun da ya faru da aikina, don kowa da irin labarin da ya ji, akwai ma waɗanda har gobe a wajensu ni ce "yarinyar nan da ta ƙirƙiri rizol". Ba zan kama sunan kowa ba, ba zan faɗi makaranta ba, wanda ya sani ya sani.

Aikina a kan atirazin ne. Duk ɗan gidan manoma ya san shi ko da bai riƙe sunan ba, maganin ciyawan nan fari da ake fesa wa gonar masara da dawa da farkon damina. Kamfanin Geigy na ƙasar Suwizalan ne ya fito da shi a 1958, ga arha ga aiki, shi ya sa ya game duniya. Illarsa ba ya ruɓewa da wuri, sai ruwan sama ya wanke shi ya gangara da shi rafi, ko ya nutse da shi har ruwan rijiya, kuma a kan haka ne Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004, don su dokarsu ba ta yarda wani maganin feshi ya wuce maikirogiram 0.1 a cikin litar ruwan sha ba. Mu kuwa shiga kasuwar ƙauye a watan Yuni ka ga jarkokinsa a jere, har a kwalbar lemo ake tsiyaya wa mai ƙaramin ƙarfi.

An daɗe ana ɗaukar atirazin a matsayin abun da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya cinyewa tas, sai a shekarun 1990 aka fara samun waɗanda ke iyawa. Wadda ta fi shahara ita ce ta Mandelbaum da Allan da Wackett na Jami'ar Minnesota a Amurka, wadda suka bayyana a 1995, daga ƙasar wani wuri da maganin ya taɓa malala, suka sa mata suna Pseudomonas ADP. Ita ba don ta taimake mu take ci ba, naitirojin ɗin da ke cikin gubar take nema. Enzayim na farko, wato makamin da take farfasa gubar da shi, AtzA, shi ke cire kulorin, kuma da zarar kulorin ya fita abun ya tashi daga maganin ciyawa. AtzB da AtzC su sare rassan nan biyu da ke gefe, sai AtzD da E da F su farfasa zoben tsakiya har ya koma amoniya da iskar kabon. Ƙwayoyin gadon da ke ƙera waɗannan enzayim shida ke nan, kuma dukansu ba a kan asalin kuromosom ɗin bakteriyar suke ba, suna kan wani ƙaramin zoben DNA na daban da ake ce wa filasmid, nata sunansa pADP-1, wanda aka karance shi kaf a 2001, harufa wajen 109,000. Ku riƙe wannan zancen na filasmid, don a nan duk wahalata ta fito.

Ƙasar da na yi aiki da ita daga gonar kawuna na ɗebo, gonar da shekara da shekaru masara ake zubawa kuma duk damina sai ta sha feshi. Na zuba ta a ruwan gishirin ma'adinai wanda ba wani naitirojin a ciki sai na atirazin, na dinga juyewa daga filas zuwa filas, duk wadda ba ta iya cin gubar yunwa ta kashe ta. Sannan na shafa a faranti. Wanda bai taɓa ganin farantin atirazin ba, ga yanda yake: maganin ba ya narkewa sosai a ruwa, kusan miligiram 33 kawai lita ke ɗauka, to in ka zuba fiye da haka a cikin aga, wato abin da ke daskarewa a faranti ana renon bakteriya a kai, sai farantin ya yi fari dishi-dishi, ba ka ganin yatsanka ta ƙasansa. In akwai mai ci, sai ka ga ɗan tsiro ƙanƙani a tsakiya, zagaye da shi kuma wani zobe garau, fes, har kana iya karanta rubutun maka da ka yi a bayan farantin ta cikinsa. Safiyar da na ɗaga farantina a hasken taga na ga wannan zoben wallahi sai da na zauna a kan kujera, na kira Baba, dattijon da ke kula da lab ɗinmu, ya sa tabarau ya duba ya ce "ɗiyata, wannan kam ta ci."

Farfesa ma ya yi murna a lokacin, gaskiya ɗaya ce. Duk baƙon da ya zo sashen sai ya aiko a kai masa farantin ofis. Ya leƙa madubin ƙara girma sau ɗaya, ya ga 'yan sanduna sun ɗauki launin ja-ja a rinin Gram da ake raba bakteriya ja da shuɗi da shi, ya ce shi ke nan Pseudomonas ce, rubuta. Na ce ranka ya daɗe ko za mu bari sai an karanta DNA ɗinta tukuna, ya ce kuɗin wa?

Abun da na roƙa guda biyu ne kacal. Na farko ɗan wuri a firizar ofishinsa, wadda ita kaɗai ce a sashen ke kan sola, in ajiye 'yan ƙananan kwalabe na bakteriyar a cikin giliserol ta daskare yanda take. Na biyu ya ƙara min ɗan garin atirazin tsantsa da ke kulle a kabad ɗinsa, don in ci gaba da renonta a kan gubar. Na durƙusa na gaishe shi na yi bayani a hankali, bai ma ɗago daga wayarsa ba ya ce "Ke Malama, tun kafin a haife ki muke ajiye bakteriya a kwalbar silant a firij, ba wadda ta taɓa guduwa. Garin nan da dala aka sayo shi, ba za ki ƙarar min da shi wajen kiwo ba. Ki sa ta a nutiriyen aga irin na kowa." Na ce to ko in yi amfani da na kasuwa don riƙo kawai, ya ce kada ya kuskura ya ga jarkar kasuwa a lab ɗinsa. Firizar kuwa na ga cikinta da idona wata rana da aka buɗe a gabana, kifin wani ɗalibinsa na PhD ne a ƙasa, sama kuma ƙullin naman layya da robobin zoɓo.

Ana haka sai dogon yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya faɗo, daga Fabrairu har Oktoba, aka rufe ko'ina. Firij ba wuta, ga zafin bazara, silant kuma, wato agan da aka daskarar a karkace cikin kwalba, in ya bushe shi ke nan. Baba, Allah ya saka masa da alheri, da yake a kwatas yake zaune, shi ya dinga lallaɓawa yana juye min ita daga tsohuwar kwalba zuwa sabuwa a kai a kai don kada ta mutu, a kan nutiriyen aga, abincin gata marar atirazin, yanda aka ba da umarni. Ba ta mutu ba kuwa. Da muka dawo na same ta ta yi ɓul-ɓul, ta fi da kyau ma. Na shafa a farantin atirazin na sa a inkubeta na jira, na sake jira, na canza aga, na canza ruwa, na zargi otokilef ɗin da muke dafa kaya don kashe ƙwayoyi, na zargi hannuna. Fari fat, ba zobe ko na ƙwayar gero.

Dare da yawa na yi ina karatu a waya kafin na gane abun da ya faru, kuma abun haushin shi ne ba wani sabon abu ba ne. Ɗaukar filasmid nauyi ne a kan bakteriya, duk rabuwar da za ta yi sai ta kwafe shi, sai ta ƙera enzayim ɗinsa, duk da ƙarfinta. Ɗan dako ne, muddin ana biyansa zai ɗauki buhu, ranar da ya ga abinci na zuwa kyauta kuwa wanda ya fara sauke kaya shi zai riga kowa isa. A kan abincin gata, ƙwaya ɗaya da ta yar da kayan cin guba ta fi sauran saurin haihuwa, juyi bayan juyi sai zuriyarta ta mamaye kwalbar. A ADP ma abun ya fi haka sauƙi, don atzA da atzB da atzC ba a haɗe suke wuri guda ba, a warwatse suke a kan filasmid ɗin, kowanne kuma yana tsakanin wasu gutsattsarin DNA masu maimaita kansu irin su IS1071, waɗanda ke sa yanki ya iya ɓallewa ya fita ko ya yi tsalle ya koma wani wurin. Mutanen Minnesota ɗin nan sun rubuta tun 1998 cewa in ka rene ta a kan abinci mai daɗi babu atirazin tana zubar da iyawar. Kai, tun ma 1974 Williams da Murray suka nuna cewa Pseudomonas putida mt-2 mai filasmid ɗin TOL, wanda da shi take cin sinadaran toluwin da zailin, tana rabuwa da shi in aka ciyar da ita wani abinci daban mai suna benzowet. 1974 fa. Wato shi ma wannan tun kafin a haife ni aka san shi, sai dai ba a silant ɗin Farfesa aka rubuta ba.

Na buga takardun na kai masa ofis da rawar jiki, a zatona zai ce kai, wannan ai ya fi ma aikin farko daɗi. Ya ture su gefe ya ce in rufe ƙofa. "Kina da hotunan farko ko? Kina da lambobin farko? To ki zana giraf ɗinki, ki rubuta Pseudomonas, ki kawo in sa hannu. Wa zai zo ya buɗe firij ɗinki?" Na sunkuyar da kai na ce Allah ya ƙara girma, na fito. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, kun dai san yanda ake yi da manya.

Ranar semina na sa hotuna biyu gefe da gefe, farantin da mai zobe da farantin yanzu marar zobe, na faɗi abun da nake zato da hujjojin da na karanta. Wani malami daga baya ya yi tambaya mai kyau, ya ce ta yaya za mu tabbata ita ce dai bakteriyar farko ba wata ce ta shigo ba. Kafin in buɗe baki Farfesa ya miƙe. Ya ce shi bai san da wannan bayanin ba, bai amince a kawo shi nan ba. Ya ce ya duba abun da ke kwalbata a madubi da kansa, ƙwayoyi ne dunƙule-dunƙule masu launin shuɗi, alhali abun da aka nuna masa da farko sanduna ne ja, saboda haka ɗayan biyu ne, ko dai ɗalibar ba ta iya tsaftar aiki ba ta gurɓata kayanta, ko kuma tun asali babu wani zobe, a intanet aka samo hoton. Mutumin da ya dinga aikowa a kai masa farantin yana nuna wa baƙi! Zauren ya yi tsit, har da 'yan aji huɗu da nake koya wa riƙe lup, wayar ɗibar bakteriya, a wurin. Ban yi kuka a gabansu ba, wannan kam na gode Allah, sai da na shiga banɗakin mata na ƙasa.

Daga nan fayil ɗina ya kwanta a teburinsa wata da watanni. In na je gaisuwa a ce yana mitin. Waɗanda muka shigo tare suka yi difens suka tafi, wasu da in sun gan ni a da sai sun tsaya hira suka koma ɗaga hannu daga nesa, don kowa na tsoron a gan shi da wadda oga ya yi fushi da ita, kuma ban ga laifinsu sosai ba, sosai dai na ce.

Baba ne ya tare ni wata la'asar ina haɗa jakata ya ce "ɗiyata, ƙasarki fa tana nan." Ashe ragowar ƙasar gonar kawu da na bari a leda bai zubar ba, ya ɗaure ta ya cusa a ƙasan kabad ɗin sito. Muka sake komai daga farko, a ɓoye kusan, da atirazin ɗin kasuwa da na sayo na juye a wata kwalba marar suna. Na kasuwa akwai gauraye a cikinsa, ba a auna sakamakon da za a rubuta da shi, amma ya isa ya riƙe bakteriya a kan hanya. Zobe ya dawo. Wannan karon ko numfashi ban yi ba sai da na zuba ta a giliserol na kai gidan wata ƙawata da mijinta ke da firizar sayar da ƙanƙara.

Kuɗin adashina na kwasa na aika samfur biyu wani lab mai zaman kansa, sabuwar mai ci da tsohuwar da ta daina, a yi musu PCR, gwajin da ke nuna ko wata ƙwayar gado tana nan, a kuma karanta 16S, yankin DNA da ake gane jinsin bakteriya da shi. Sakamakon farko da ya zo ya kusa tsayar min da zuciya, don an nemi atzA a duka biyun babu, har a mai cin. Jel, wato abin da sakamakon PCR ke fitowa layi-layi a kai, baƙi wuluk sai layin ma'auni kawai a gefe. Na ce shi ke nan, yau ko ni na fara zargin kaina. Sai da na koma karatu na ga ashe ba atzA kaɗai ke wannan aikin ba, akwai wata ƙwayar gado ta daban mai suna trzN, wadda aka fara samu a Nocardioides C190 daga ƙasar gona a Kanada, aka kuma same ta a Arthrobacter aurescens TC1 a Amurka, ita da atzA aikinsu ɗaya na cire kulorin amma rubutunsu ya yi nisa da juna, firaimar atzA, wato ɗan guntun DNA da PCR ke lalube da shi, ba za ta taɓa kama ta ba. Kuma ita ce aka fi samu a bakteriya masu ɗaukar launin shuɗi na Gram. Na ƙara biya aka sayo firaimar trzN. Ga layi nan ɓaro-ɓaro a sabuwar, tare da atzB da atzC. A tsohuwar kuwa ko ɗaya babu. 16S ɗinsu kuma iri ɗaya sak, dukansu Arthrobacter, ba Pseudomonas ba.

Wanda ya yi karatun Arthrobacter ko na shafi ɗaya ne ya san halinta: tana ƙarama a sabon abinci sanda ce, kuma a lokacin launin Gram kan wanke daga jikinta har ta yi kama da ja, in ta tsufa abinci ya ƙare sai ta dunƙule ta koma ƙwallo. Wato hujjar da aka tsaya a gaban jama'a aka kira ni maƙaryaciya da ita, sanda ta zama ƙwallo, ita ce ma babbar alamar gidan da bakteriyar ta fito. Yana nan a littafin da shi kansa yake ba mu mu karanta. Na san 16S iri ɗaya ba ya nufin lallai tsatso ɗaya ne ɗari bisa ɗari, sai an karanta DNA gaba ɗaya ake rantsuwa, kuma haka na rubuta a tesis ba tare da ƙari ba. Amma tsakanin bayanina da nasa, kowa ya ga wanda jel ya goyi baya.

Babban abun da na fita da shi, wanda nake so ƙannena ku ji da kyau, shi ne a wannan fagen sunan bakteriya ba shi ne labarin ba. Mun saba tesis ɗinmu ya ƙare da jerin sunaye, an samu Bacillus an samu Pseudomonas an samu Micrococcus, sai kaso kaza cikin ɗari, sai a rufe da cewa za a iya amfani da su wajen tsaftace muhalli. Alhali iyawar ba a sunan take ba, a 'yan ƙwayoyin gado take waɗanda ke yawo daga wannan zuwa waccan, yau suna nan gobe an yar. Mutanen Minnesota sun gwada atzA da atzB da atzC na bakteriya mabambanta daga wurare masu nisa da juna suka ga kusan harafi da harafi iri ɗaya ne, sama da kashi 99. Haka labarin maganin ƙwarin nan lindan yake, wanda iyayenmu suka sani da Gamalin, ƙwayoyin lin da ke cin sa an same su a Sphingobium a Japan da Indiya da Faransa, kuma galibi da wani ɗan tsalle mai suna IS6100 a maƙale kusa da su. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne AtzA da wani enzayim mai suna TriA da ke aiki a kan wani sinadari mai suna melamin: a cikin tubala sama da 470 da suka gina kowannensu, a wuri 9 kacal suka bambanta, amma ɗaya kulorin yake cirewa ɗaya amoniya. Atirazin, sinadarin da babu shi a doron ƙasa kafin shekarun 1950, ga shi har an samu masu kayan cin sa a nahiyoyi daban-daban, har da gonar kawuna da ko kwalta ba ta kai ba. In wannan bai sa mutum ya ce Allahu Akbar ba ban san me zai sa shi ba.

Shi ya sa ma nake jin nauyin jimlar nan ta "za a iya amfani da su". Wani masani a Amurka, Ananda Chakrabarty, ya tara filasmid da yawa a Pseudomonas ɗaya don ta ci ɗanyen mai, shari'ar mallakarta ta kai har Kotun Ƙolin Amurka ya yi nasara a 1980, amma ba a taɓa sakin ta a kan wani malalar mai ba. Da jirgin Exxon Valdez ya zubar da mai a Alaska a 1989, taki aka watsa a gaɓar teku don ƙwayoyin da ke wurin tun asali su samu ƙarfin ci. Abun da ya yi aiki a filas ɗin da ke jijjiga a inkubeta daban, abun da zai yi a ƙasa mai rana da fari da dubban abokan gasa daban. Tawa da na ga ta zubar da kayanta a cikin kwalba saboda ɗan jin daɗi, ina da bakin cewa a zuba ta a rafi ta tsaftace?

Kuma abun yana da wata fuskar da manomi ba zai so ba. Kawu ya daɗe yana ƙorafin wai maganin yanzu ba ya riƙe gona kamar na da, ciyawa na dawowa da wuri, shi a ganinsa jabu ake sayar musu. Jabu kam akwai shi a kasuwa, ba musu. Amma an rubuta a Amurka da Turai cewa gonar da ta saba shan atirazin tana cinye shi da sauri fiye da wadda ba ta taɓa sha ba, saboda masu cin sun yawaita a cikinta. Abun da ke kare rijiya shi ne ke rage wa feshi ƙarfi. Da na yi masa bayani ya yi dariya ya ce wato kuɗina nake ba ƙwari suna ci, ke kuma kina samun digiri da su.

Ranar difens na ƙarshe, da mai jarrabawa na waje ya yaba babi na huɗu ya ce bai saba ganin ɗalibin mastas ya bi diddigin ɓacewar ƙwayar gado haka ba, sai na ji Farfesa ya gyara murya yana cewa ai da gangan "muka" tsara a rene ta a kan abinci biyu don "mu" ga ko iyawar za ta zauna. Har da kawo misalin filasmid ɗin TOL, daga takardar da ya ture gefe ranar. Na kalli Baba da ke tsaye bakin ƙofa, ya kalli silin. Takardar da aka tura mujalla sunansa ne farko, na biyu wani ne da ban taɓa ganin ya sa rigar lab ba, ni ce ta uku. Haƙuri kuwa ba a ba ni ba, a zauren da aka tozarta ni ba a koma an gyara ko kalma ɗaya ba. Na je na yi masa sallama yanda tarbiyya ta ce, na ce Allah ya saka da alheri, ya ce in na tashi PhD ƙofarsa a buɗe take. Na ce to, ranka ya daɗe.

Sauran darussan ba su da yawa. Ranar da ka ga zobe ranar za ka daskarar, a wuri fiye da ɗaya, ko da firizar mai ƙanƙara ce. Kada ka raba mai cin guba da gubarta ko na juyi ɗaya, ko wa ya ce. Duk hoton faranti ka ɗauke shi da kwanan wata da rubutun hannunka a jiki, ka tura wa kanka a imel. Ka ajiye faranti marar bakteriya a gefe ko yaushe, don rana da zafi ma suna rage magani. In PCR ya ce babu, ka fara tambayar me ka nema kafin ka yarda. Umarnin da aka ba ka da baki, ka koma ka tura saƙon "ranka ya daɗe, kamar yanda ka ce in yi kaza", ka adana amsar. Masu kula da lab ka girmama su fiye da yanda kake girmama masu manyan ofis. Wajen zaɓen sufabaiza kuma kada ka tambayi yawan takardunsa, ka nemi ɗalibansa da suka gama ka ji yanda muryarsu ke yi in an ambaci sunansa.

Akwai tambaya ɗaya da na so in bi ban samu dama ba. Wasu masu bincike a Sifen sun nuna a 2003 cewa ADP tana rage cin atirazin in ta samu naitirojin mai sauƙi kamar amoniya ko yuriya, mu kuma manomanmu feshi da yuriya gona ɗaya suke haɗuwa, sati kaɗan tsakani. Ko tamu Arthrobacter ɗin haka take yi ko ita ba ruwanta, gwaji ne da ɗan mastas zai iya da filas goma sha biyu da ɗan kuɗin HPLC, injin auna yawan maganin da ya rage. Na faɗa wa Farfesa ya ce ba lokaci. Duk wanda yake so ya ɗauka, kwalaben giliserol suna wajen Baba da wajena, firaimar trzN ma akwai saura, ku yi min magana ta inbos in haɗa ku. Sharaɗina ɗaya, ba a ƙarƙashinsa ba.